Tsuntsayen Ƙanƙara da Bazarar da Ruwa Ya Guje Mu

Azumin bana ya zo da zafi irin wanda ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Tun hantsi kwanon ɗakina yake fara ƙara, kafin azahar kuwa ko ƙadangare ba ka gani a kan katanga. Ni da ba ni da jirgin kamun kifi yanzu, ba ni da gona, ƙafa kuma ta ƙi, aikina tsakanin azahar da la'asar guda ɗaya ne. In jawo kujera gaban talabijin ɗin da surukina ya haɗa mini da sola, in nemo tashar namun daji, in zauna jiran a nuno tsuntsayen ƙanƙara. 'Yan boko suna ce musu fengwin. Bakina bai iya ba, kuma ban ga dalilin wahalar da shi da tsufan nan ba.

Wanda bai taɓa ganinsu ba, tsuntsaye ne da ba sa tashi, baƙin baya da farin ciki, suna tafiya a tsaye suna rangaji kamar alhajin da ya cika ciki da tuwon Sallah. A tudu abin dariya ne su. Amma bari ɗaya ya faɗa ruwa, nan za ka ga masunci na gaske. Na yi shekara hamsin a kan ruwa, ban ga abin da ya kai shi iyo ba, har da kifin tsage. Ƙasarsu ba itace, ba ciyawa, fari fat har iyakar ganinka. Mutanen gidan nan sun ɗauka sanyin nake kallo, wai ina jiƙa ido tunda ba halin jiƙa maƙoshi. Akwai wannan ma, ba zan yi ƙarya da azumi a bakina ba. Turancin mai bayanin ba na jin sa, don haka ba na damuwa da shi, kukan iskar wurin nake saurare.

Shekaranjiya 'yata ta leƙo. A gidanta nake zaune a nan Yelwa tun rasuwar uwarta, ita 'yar tawa malama ce a firamare. Ta tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ba ta shigowa ciki sai in za ta ajiye abinci.

Ta ce, "Baba, har yau waɗanga tsuntsaye na? Mi kaka gani gare su?"

Na ce, "Gani ni kai sun taru wuri guda, ba ci ba sha. Mi su ka jira?"

Ta ɗan saurari Baturen, sannan ta ce, "Wai dut maza na. Matan sun aje ƙwai sun tahi teku neman kihi. Kowane namiji ya aza ƙwan bisa ƙafafunai ya ruhe shi da fatar ciki, don in yat taɓa ƙanƙara ya lalace. Wata biyu shina tsaye hakanan har uwar ta dawo. Kuma ƙanƙarar ƙaruwa ta kai, teku na ƙara nisa."

Ta yi dariya ta koma wajen kununta. Na mai da ido kan talabijin. Amma tun kafin ta fassara mini, jikina ya riga ya ba ni abin da suke yi, domin na san irin wannan tsayuwar.

Shekara arba'in da wani abu ke nan, azumi ya faɗo a ƙarshen bazara. Muna zaune a tungarmu a kan wani ɗan gungu, wato tsibiri, cikin tafki, ƙasa da garin Wara. Bukka bakwai ce, duk dangi. Babbanmu shi ne Baffa Jatau, ƙanen mahaifina, shi ke faɗin inda za a yi su da ranar da za a tashi. Daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba, gero ya yi wuyar gani, kifi kuma ya ƙaurace wa gefenmu. Sai ka jefa tarun birgi sau ashirin ka fito da karfasa uku da ba su kai tafin hannu ba.

Ni kuma kurkunu ya kwantar da ni. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da shi. Tsutsa ce fara, siririya doguwa, ana shan ta a ruwan kududdufi, ta yi shekara a jikin mutum sannan ta huda fata ta leƙo. Ba a jan ta da ƙarfi. Ɗan kara ake samu a naɗe abin da ya fito, kullum kaɗan, a ɗaure da tsumma. In ka yi garaje ta katse a ciki, ƙafar ta kumbura, wani ma ya rasa ta. Nawa biyu ne, ɗaya a idon sawun dama, ɗaya a ƙwaurin hagu. Tafiyata ta koma jan gindi.

Baffa ya yanke cewa kowa ya tashi a gangara wajen ruwa mai zurfi kusa da madatsar ruwa, maza su yi su, mata su yi banda, a samo abin shan ruwa. Ni in tsare tunga, tunda gurgu a can baki ne kawai. Sai dai an ce ƙyanda ta shiga babbar tungar da za su sauka. Sauran yaran dangi duk sun yi tasu sun gama, ban da 'yarmu, wadda ba ta cika shekara biyu ba. A makon nan ne ma matata Tabawa ta yaye ta, don nonon ya ƙafe da kansa.

Tabawa ta durƙusa gefena ta yi ƙasa da murya. "Malam, ka iya da ita?"

Baffa ya ji ta. Ya ce, "Ke, kwana goma na. Ruwa ya gama janyewa, nan za ki iske shi inda munka bar shi. Na san kogin ga tun ba a haihi mijinki ba."

Gaskiyarsa, ya san kogi. Amma abin da ke gabanmu ya daina zama kogi tun ina yaro. Tun da aka yi madatsa, ba wata ko tauraro ke faɗin ranar da ruwa zai tsaya ba, mutanen da ke buɗe ƙofa ne a can. Dattawanmu ba su taɓa yarda da wannan har cikin ransu ba, lissafin kogi suke yi wa tafki. Na ji wani abu a raina, amma an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Aka bar mana gero mudu huɗu, da bandar kifi a ɗan kwando, da gishiri, da kwalin ashana. Jirage suka tashi da hantsi, saura kwana uku a kama azumi.

Dole in faɗi wani abu a nan. Yarinyar nan 'yar farinmu ce, ita ce wadda nake zaune a gidanta yau. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa, ba a yi masa wasa, sai dai kakanni da ƙannen uba. Kunya ce, haka muka tarar. Har ranar nan ban san nauyinta ba. Tana tsaye a bakin ruwa tana tsala kuka tana kiran Inna, ni kuma ina zaune daga nesa ina cewa, "Ke yarinya, yi shiru." Ko kallona ba ta yi ba, don ba ta san muryar ba. Da kukan ya fara shaƙe ta, na ja jiki na isa wurinta. Sai da na duba hagu na duba dama, alhali ba kowa a gungun sai belbelu. Sannan na ɗauke ta. Na ce, "Kulu." Sunan ya yi mini nauyi a baki, na sake faɗa, na kuma sakewa har ta yi barci a ƙirjina.

Haka muka fara zama. Da na idar da sallar asuba sai in kwance tsumma in naɗe kurkunu, wata rana ya ba ni tsawon gaɓar yatsa, wata rana ya hana. Sannan in ja jiki zuwa dutsen niƙa. Ban taɓa niƙa ba a rayuwata, kunun farko da na dama duk gudaji ne, Kulu ta ɗanɗana ta tofar ta dube ni kamar mai cewa wannan ne iyakar iyawarka. Kafin mako na ƙware. In ta sha, sai ta hau bayana ta riƙe wuyana, mu nufi bakin ruwa da birgi da tulu. A zaune nake jifa. In Allah ya ba mu kifi biyu ko uku, in gasa, in tauna in cire ƙaya, in sa mata a baki.

A rana ta uku na ga jinjirin wata da idona, na ɗauki niyya. Mara lafiya an ɗauke masa, na sani. Amma abin da zan ci da rana nata ne, saboda haka har yau ban tantance ba ko azumi na yi a shekarar nan ko babu ce ta yi mini shi.

Ruwa kuwa bai tsaya ba. Kowace safiya sai na tarar ya ƙara nisa. Inda jirage suka tashi ya zama taɓo baƙi mai wari, yana sheƙi a rana. Na jefa dutse in gwada, ya nutse ko alama bai bari ba. Kafin kwana goman Baffa su cika, taɓo ya kewaye gungun, jirgi ba ya isowa, ƙafa ba ta ƙetarewa. Abin da ya rage mana wani kududdufi ne a kwarin bayan bukkoki, shi ne rijiyarmu, shi ne kasuwarmu.

Zafin lokacin ban sake ganin irinsa ba. Da rana yashi wuta ne, cikin bukka kuma numfashi ba ya shiga. Kulu ba ta da takalmi, ta taka sau ɗaya tafin ƙafarta ya yi bororo. Daga ranar, in rana ta take, sai in jingina da inuwar bukka in miƙe ƙafafuna, in ɗora ta a kan cinyoyina, in jiƙa gaban rigata in lulluɓe ta da shi. Haka za mu zauna har la'asar, ba na motsi don kada ta farka, ƙudaje suna bin gyambona ina kallonsu. Shi ya sa in na ga tsuntsun nan ya sunkuyar da kai yana leƙa abin da ke kan ƙafafunsa, na san abin da yake dubawa. Yana duba ko ɗan yana numfashi ne.

Gero ya ƙare wajen tsakiyar azumi, duk da ƙwauron da na yi masa. Muka koma bado, ina tono shi a kududdufi in dafa in murje mata. Ina ba ta karan burugu ta tsotsa saboda ɗan zaƙinsa. Inda taɓo ya fara bushewa a gefen gungu, ina bi da sanda ina ƙwanƙwasawa, in na ji wurin ya yi ƙarar rami sai in tona in ciro kifin gaiwa a kwance cikin kwasfarta. Da can ba ma cin gaiwa a gidanmu, raina ta muke yi. A bazarar nan na ba ta haƙuri. An ce ita jikinta take ci in abinci ya ƙare, ni ma na ga wandona yana zamewa daga ƙugu har sai da na ƙara masa igiya.

Ban da yunwa, shirun wurin ya fi komai cina. Ba kiran salla, ba sautin turmi, ba mai ce maka sannu da shan ruwa. Rana za ta faɗi, in kurɓi ruwan kududdufi da na tace da hula, in yi salla ni kaɗai, Kulu tana hawa bayana in na yi sujada. Da ita nake hira. Na ba ta labarin garinmu na asali da ruwa ya cinye, da sunayen kifaye, da halin Baffa. Ita kuma ta koyi kalma biyu a wurina, kihi da Baba.

Wata safiya, ana ashirin ga azumi ko kusa da haka, na ji murya. Can nesa ta ɓangaren tafki, siririya, iska tana kawo ta tana mayarwa. Ko cikin mata dubu na san muryar Tabawa. Na manta da ƙafa, na manta da duk abin da aka gaya mini. Na zabura zan miƙe, karan da ke idon sawuna ya sarƙe da tsohon taru, na ji abin ya katse a ciki. Sai da na ga duhu. Kafin in dawo hayyacina in ja jiki zuwa tudun da ake hangen ruwa, ɗan jirgin ya juya, ya zama ɗigo. Na yi kira har muryata ta dushe, iska ba ta wajena.

Daga baya ta gaya mini jirgin wani ta roƙa. Ta faɗa taɓon har ƙirji, sai da mai jirgin ya jawo ta da zaninta. Ta ce hayaƙin murhuna ta hango, da shi ta san muna da rai, da shi kuma ta yi ta rayuwa har ranar da ta dawo. Ni ban san haka ba a lokacin, amma raina ya ba ni, don daga ranar ban bar wuta ta mutu ba. Da kirare ya ƙare na shiga zare ciyawar rufin bukkokin dangi, na fara da ta Baffa.

Ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi. Kwana huɗu zazzaɓi yana kaɗa ni, ban iya zuwa kududdufi ba sai sau ɗaya a wuni, shi ma da kuka. Sauran badon da na shanya shi na riƙa jiƙa mata. A kwanakin nan ne Kulu ta daina kuka, kuma wannan ya fi kukan tsorata ni. Tana kwance a cinyata, ido a buɗe, gashinta ya yi ja, ba ta korar ƙuda. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da jirgi ya kife da ni. Na ce ya Allah, in ɗaya za ka ɗauka, ka san wanda ya riga ya ga duniya. A rana ta biyar gyambon ya fashe, ruwa ya fita, na samu na tono gaiwa biyu. Na dafa na ɗura mata romon da yatsa, ɗigo ɗigo, har ta kama yatsan ta tsotsa.

Fatana ɗaya ne, mashigin da ke tsakaninmu da tudu ta gabas ya bushe ya ɗauki ƙafa. Ya fara tsagewa, ya yi fari a sama. Sai ga hadari ya haɗu wata la'asar, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Na san a daidai lokacin duk manomin da ke ƙasar Yauri hannunsa yana sama yana roƙon ruwa. Ni kaɗai nake roƙon kada ya sauka, ina jin kunyar Ubangiji ina yi. Ya sauka, ba mai yawa ba. Kulu ta miƙa hannu tana kama ɗigon tana dariya, dariyar farko cikin kwanaki, ni kuma na tara tukwane ina kallon mashigin yana komawa baƙi. Wannan yayyafin ya ƙara mana mako guda.

Sallah ta same mu mu biyu. Na wanke ta, na wanke 'yar rigarta na shanya a kan taru, na yi kabbara ni kaɗai. Yanzu da abu irin wannan ya faru, waya ɗaya za a buga, jirgin inji ya zo ko a kewayo da babur. Ruwan sha ma na famfo ne. Surukina kuwa a kafaɗa yake ɗaukar 'yar farinsa ya ratsa kasuwa da ita, yana kiran sunanta kowa yana ji. Ban ce ya yi laifi ba, kallonsa kawai nake yi.

A fim ɗin tsuntsayen nan akwai wurin da nake jira kullum, ko sau nawa aka maimaita shi. Can ƙarshen farin fili sai ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a jere, suna tahowa a hankali. Matan ne suka dawo. Wurin ya kaure da kira, kowace tana neman muryar mijinta. In ta same shi, sai ka ga uban ya ƙi sakin ɗan. Yunwa ta kusa kashe shi, teku na jiransa, amma yana ja da baya, uwar tana ture shi, sai da ƙyar yake bari. Ba wanda ya ce masa ya ji kunya. Nan ne idona ke cikowa, in ce wa mutanen gida hasken talabijin ne.

Namu ɗige-ɗigen sun ɓullo kwana uku bayan Sallah, da hantsi, ta gabas. A ƙafa suka zo, sun bar jirage a wani wuri sun kewayo ta tudu. Kulu tana kan cinyata tana wasa da gemuna. Na ƙirga su, na ga wadda ta fita daga layi tana gudu da kaya a ka, tana tuntuɓe a tsagar ƙasa. A bayanta ga Baffa da sandarsa, ga sauran maza, ga matan ƙannen ubana.

Da suka matso har ana gane fuska, na sauke Kulu a kan tabarma. Na ja jiki gefe, na jawo taru na ɗora a gwiwa kamar mai gyara.

Tabawa ta yar da kayan ta durƙusa ta buɗe hannu. Kulu ta dube ta ba ta gane ta ba. Ta ƙwalla ƙara, ta taso tana tangaɗi, ta faɗo jikina ta cusa fuska a rigata tana cewa Baba, Baba. Kowa ya tsaya. Na ji idon Baffa a kaina, da idon matan nan duka.

Na ɓamɓare yatsunta daga rigata ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "A ɗauke yarinyar ga, ta dame ni."

Baffa ya gyaɗa kai, ya shiga tambayar wanda ya zare masa rufin bukka. Tabawa ta ɗauke ta. Ta dube ni, ta dubi cinyoyina inda fatar ta yi baƙi saboda zama, kuma har ta koma ga Allah ba ta ba wa yarinyar labarin nan ba, don ni na hana. Ban sake ɗaukar Kulu ba. Na yi abin da aka koya mini, kowa ya yaba, kuma babu abin da nake nadama a duniya kamarsa.

Kwana uku, duk lokacin da na ja jiki na wuce, sai ta miƙo hannu tana kuka, ni kuma in kau da kai. A rana ta huɗu na wuce ta gabanta, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da wasanta.